Injin Yankan Itace: Wanne Ya Dace Da Mai Sana'ar Itacen Girki A Zangon Kumasi?

Duk tukunyar waakye da ke tafasa kafin asuba a Aboabo, da tandar biredi a Asawase, da kaskon ƙosai a Sabon Zango, akwai wani mutum a bayansu da ba a cika tunawa da shi ba, wato mai yanka itace. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa fiye da rabin gidajen Gana har yanzu da itace ko gawayi suke girki, duk da ƙoƙarin gwamnati na yaɗa gas. Mata masu dafa abincin sayarwa kuwa, da yawansu za su gaya maka manyan tukwanensu sai itace, musamman a watan azumi da lokacin Sallah ko biki.

Ni a gidan masu itace na tashi. Kawuna yana sayen gungume daga motocin da ke shigowa daga wajen Offinso da Ejura, a yanka a fili, a faskare da gatari, sannan a raba wa masu abinci a aboboya. Shi ya sa samarin unguwa kan tare ni da tambayar wane inji za su saya. Galibi kuɗin adashi ne a hannunsu, ko abin da wani ɗan'uwa ya turo daga Jamus ko Amurka, kuma ba kuɗin da zai sake zuwa ba ne. In aka sayi injin da bai dace ba, jarin ya tafi ke nan, ga kunyar wanda ya turo.

A nan mutane da yawa kowane injin yankan itace “dolma” suke ce masa. Sunan ya samo asali daga Dolmar, wani kamfanin birnin Hamburg na Jamus da ya fara ƙera irin wannan inji a 1927. Makita na Japan ya saye shi a 1991, kuma a 2022 ya daina ƙera injuna masu amfani da fetur. Sunan dai ya zauna a bakin mutane, amma kasuwar yanzu tana hannun Stihl na Jamus, da Husqvarna na Suwidin, da kuma tarin injunan Caina.

Ana auna girman inji da sisi, kamar babur. Ƙananan, irin Stihl MS 180 mai sisi 32, na sassabe ne da gyaran reshen mangwaro a gida. In ka sa shi aikin sana'a za ka kashe shi da wuri. Can sama kuma akwai Stihl 070, mai sisi kusan 106, wanda nauyinsa ya haura kilo 10 tun kafin a ɗaura masa ƙarfen sarƙa. Shi ne injin masu tsaga katako a daji, kuma shi samari suka fi sha'awa saboda ƙararsa da sunansa. Mai itacen girki ba ya bukatarsa. Kai da za ka sunkuya ka miƙe sau ɗari a yini kana gutsura gungume, ƙugunka ne zai biya kuɗin wannan nauyin, aljihunka kuma ya biya na fetur. Maganarmu tana kan na tsakiya, daga sisi 45 zuwa 72.

A ƙasan wannan rukunin akwai Stihl MS 250: sisi 45, ƙarfinsa kilowat 2.3, nauyi kilo 4.6. Ba shi da nauyi a hannu, ba ya shan mai, kuma da ƙarfen sarƙa mai inci 16 ko 18 yana gamawa da reshe da itacen gonar koko da ragowar katakon da ake samowa daga injin tsaga. Na gaba da shi Husqvarna 455 Rancher, sisi 55 da rabi, kilowat 2.6, nauyi wajen kilo 6, yana jan inci 20 ba tare da kuka ba. Sai manyan biyu da aka fi gani a hannun masu sana'a: Husqvarna 365, wanda tsohon samfurinsa sisi 65 ne da kilowat 3.4, da Stihl MS 382 mai sisi 72 da kilowat 3.9, nauyinsa kilo 6 da 'yan kai.

Dubi waɗannan alƙaluman da kyau. Tsakanin 455 da MS 382 bambancin nauyi bai taka kara ya karya ba, amma ƙarfin na biyun ya ɗara na farkon da rabi. Wannan ƙarfin ba a ganinsa a kan wawa ko rimi, itatuwa masu laushi waɗanda kowane inji ke shiga kamar wuƙa a sabulu, kuma dama masu girki ba sa son su don ba sa riƙe wuta. Inda ake gane inji shi ne a kan busasshen darbejiya, ko kasiya, ko kirya da marke da ke saukowa daga arewa. A nan ne za ka ji ƙaramin inji yana shaƙewa, mai aiki ya fara danna shi da ƙarfin kafaɗa, inji ya ɗau zafi.

Amma abin da ya fi ƙarfi muhimmanci a wurina shi ne yadda aka gina cikin injin, kuma wannan ba a rubuta shi a jikin kwali. MS 250 da 455 an yi su ne don manomi ko mai gida da ke yanka itace lokaci-lokaci. Gangar jikinsu roba ce mai ƙarfi, injin yana zaune a ciki, kuma kafin ka kai ga fistin sai ka warware kusan komai. 365 da MS 382 kuwa gidan injinsu na ƙarfen magniziyam ne, kan silinda yana fita da 'yan kusoshi, fita ya canza fistin da zobe ya mayar, gobe ka koma aiki. Inji ne da aka yi shi don a gyara shi sau da yawa. Ga kuma wani abu: 365 yana raba kayan gyara da yawa da ɗan'uwansa 372 XP, kamar yadda MS 381, wanda ya riga 382 fitowa, ya gaji tsohon Stihl 038. Ma'ana kayansu sun daɗe suna yawo a kasuwa, sabo da na hannu.

Wani fita da ke gyara wa kawuna inji a wajen Suwame Magazin ya taɓa ce masa, “Alhaji, kar ka tambaye ni wanne ya fi kyau, tambaye ni wanne nake da kayansa a akwati.” Kawu ya ce, “To Masta, buɗe akwatin mu gani.” Abin da ke ciki shi ya yanke hukunci. Akwai injuna masu kyau ƙwarai, irin Echo CS-590 na Japan mai sisi kusan 60, waɗanda 'yan'uwa kan sako a kwantena daga Amurka da kyakkyawar niyya. Sai dai ranar da kafireta ko kuloci ya lalace, in sai an jira wani ya taho da shi daga Niyok, Hajiya mai waakye ba za ta kashe murhu ta jira ka ba. Za ta koma wa wani, kuma da wuya ta dawo.

Injunan Caina, waɗanda ake rubuta wa 5200 ko 5800, ba zan zage su ba. Kuɗinsu kaɗan ne in an kwatanta, kayan gyaransu suna ko'ina kuma da araha, kuma yawancinsu ƙira ɗaya ce, kayan wannan yana shiga wancan. Yaro mai fara sana'a da ƙananan itace zai iya tashi da shi. Matsalarsu ita ce ba ka san abin da ka saya ba sai ka yi wata guda da shi: wani ya yi shekara lafiya, wani tun makon farko igiyar tayarwa ta tsinke ko famfon man sarƙa ya tsaya. Ƙarfin da aka rubuta a kwali kuma kar ka rantse da shi. Abin da nake ƙi shi ne na jabu, wanda aka yi wa fenti ruwan lemo da fari aka manna masa sunan babban kamfani, aka sayar wa mutum da kuɗin da ya ninka darajarsa. Gara ka sayi na Caina da sunansa na Caina.

Yawancin injunan da na ga sun mutu a filin itace, mai ne ya kashe su. Injin nan ba shi da wurin zuba baƙin mai daban kamar mota, a cikin fetur ake haɗa masa. Stihl da Husqvarna sun ce kashi 50 na fetur, kashi 1 na man haɗi mai kyau, wato mililita 100 a lita 5. Na Caina da yawa kashi 25 da 1 suke nema, ninki biyu ke nan. Mu kuwa da ido ake aunawa, ko da murfin kwalba, wani ma baƙin man mota yake zubawa. Sai kuma masu taɓa kusar kafireta don inji ya ƙara kuka. Ƙarar tana da daɗin ji, amma mai ne aka rage masa, kuma ba a daɗewa fistin ke kamawa. Haka tsohon baƙin man da aka juye daga mota ana zuba wa sarƙa: yana ɗauke da ƙurar ƙarfe, yana cin famfo da ƙarfen sarƙar a hankali. A hunturu kuma, in ƙura ta haɗu da garin busasshen itace, matatar iska kullum take son wanki.

Sarƙa ma haka. A fili gungume a ƙasa yake kwance, ɓawonsa cike da yashi, kuma taɓa ƙasa sau ɗaya ya isa ya dakushe haƙora. Ka duba abin da inji ke tofarwa: in ɓarɓashi ne manya-manya, sarƙa na da kaifi, in gari ne kamar na tuwo, tsaya ka wasa. Magagari mai milimita 4.8 na ƙaramar sarƙa ne irin ta MS 250, manyan kuma 5.2 ko 5.5. Na sha ganin mai inji sisi 55 da sarƙa mai kaifi ya riga mai sisi 72 gama lodin mota.

Akwai maganar doka, wadda samari ba sa son ji. A 1998, ƙa'idar da ake kira L.I. 1649 ta haramta tsaga katako da irin wannan inji don sayarwa, ta kuma wajabta wa duk mai shi ya yi masa rajista a majalisar gundumarsa. Mu na Aboabo da Asawase da Sawaba, Asokore Mampong ce tamu. Kowa ya san haramcin bai hana komai ba: binciken cibiyar nazarin gandun daji ta FORIG da ke Fumesua ya kiyasta cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na katakon da ake sayarwa a cikin gida daga irin wannan tsagar yake fitowa, kuma duk wanda ya san kasuwar katako tun tana Anloga har aka mayar da ita Sokoban bai yi mamaki ba. Sai dai wannan ne ya sa jami'an Hukumar Gandun Daji ke kallon duk mai riƙe da inji da ido ɗaya. Gutsura itacen girki a fili ba tsaga katako ba ne, amma wanda aka tare a hanya da 070 da dogon ƙarfe babu takarda, zai sha wuyar bayani. Matsakaicin inji mai inci 20 da takardar rajista a aljihu ya fi sauƙin karewa. Madobiya kuma, wadda gwamnati ta sha haramta sarewa da fitar da ita, da ɗanyar kaɗanya da mata ke ci daga gare ta a arewa, ko a arha aka kawo maka, bar su a motar.

In aka matsa mini sai na zaɓa, ga nawa. Wanda itace ne abincinsa kullum, kuma gungumensa kan kai kaurin durom, ya nemi 365 ko MS 382, duk wanda fitansa ya fi sani. Ni hannuna ya fi sabawa da 365, don yana da sauƙin riƙewa tsawon yini, amma a kan busasshen kirya 382 ya fi shi numfashi, wannan ba gardama. Wanda aikinsa reshe ne da ragowar katako, ko mai gidan biredi da ke yanka wa tandarsa kawai, MS 250 ya ishe shi, ragowar kuɗin ya sayi sarƙa biyu da magagari da takalmi.

Takalmin nan ba wasa nake ba. Sarƙar tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya, kuma in saman bakin ƙarfen ya taɓa wani abu, inji kan yi harbi kamar jaki ya taso wa fuska. Birkin da ke gaban hannun hagu don wannan aka yi shi, amma wasu cire shi suke in ya lalace maimakon su gyara. Mutum da silifa, ƙafa ɗaya a kan gungume, ba komai a kunne ga ƙarar da ta haura desibel 100, tsakaninsa da asibitin Komfo Anokye kuskure ɗaya ne. Kuma a unguwa irin tamu da gidaje ke manne da juna, a bari gari ya waye sosai kafin a tayar, a kashe in an kira salla.

Tunda mafi yawan samarinmu na hannu za su saya, to kar a biya sai an gwada. Ɗaga injin da igiyar tayarwa: in ya zame ƙasa da sauri, matsinsa ya tafi. A sa fita ya cire salansa a leƙa fistin da tocila, in akwai zane-zane a jikinsa kamar an ja ƙusa, ya taɓa kamawa. A tayar da shi da sanyi, ba wanda mai shi ya riga ya ɗumama ba, a bar shi ya yi zafi, a kashe, a sake tayarwa. A nuna bakin ƙarfen ga kwali a ga ko yana fesa mai. Sannan a duba lambar da aka buga a jikin injin, a sa mai sayarwa ya rubuta ta a rasit da sunansa, don da ita za a je rajista.