Mahaya Keke a Titunan Kano: Kowa da Irin Tafiyarsa

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kekunan da suka shekara jingine a soro suka sake fitowa titi, masu faci kuma suka samu kasuwa. Kano dama ba baƙuwar keke ba ce, garin da har masana'antar Raleigh aka taɓa kafawa a Bompai. Sai dai direban mota kallo ɗaya yake yi wa duk mai keke: wanda ya tare hanya. Alhali in ka tsaya a bakin Ƙofar Nassarawa da safe, za ka ga ba tafiyarsu ɗaya ba.

Akwai dattijo mai tsohuwar Raleigh ko Phoenix. Ya naɗe babbar riga bisa kafaɗa, ya cusa ƙafar wando cikin safa don kada sarƙa ta ci, yana taka feda a natse. Ba ya tsere da kowa, ba ya kuma kaucewa don an yi masa hon. Ƙararrawarsa ta fi birkinsa lafiya. Shi ne ya fi kowa sauƙin sha'ani a titi, domin direba na iya sanin inda zai kasance nan da ɗan lokaci.

Mai kaya shi ne abin kallo. Buhun kayan miya daga 'Yankaba, ko burodi an jera a kariya har ya zarce kansa, ko jarkoki an rataya dama da hagu. Wannan ne ake yawan zagi da cewa ba ya tsayawa a danja, kuma gaskiya ne, ba ya son tsayawa. Dalilin yana cikin cinyarsa. Ƙarfin da ake kashewa kafin abu ya kai wani gudu yana ƙaruwa ne daidai da nauyinsa, in kuma za a ninka gudun sau biyu, sai an kashe ƙarfi ninki huɗu. Duk sanda ya matse birki, ƙarfin nan da ya tara ya zama zafi a jikin gargare, ya tafi ke nan, sai ya sake biya da guminsa. Ga shi keke bai da daidaito sai yana tafiya; farkon tashi ne lokacin da kaya ke rinjayarsa, kan keken ya riƙa rawa, a daidai sa'ad da motoci da adaidaita sahu ke yunƙurowa gaba ɗaya. Shi ya sa yake rage gudu tun daga nesa, yana lallaɓawa, yana fatan a ba da hannu kafin ya sa ƙafa ƙasa. Fahimtar dalilinsa ba ta wanke shi ba, amma ta nuna ba taurin kai ne kawai ba.

Ɗan makaranta kuwa ba shi da wannan uzuri. Goyo biyu, ɗaya a kariya ɗaya a kan ƙarfe, ga sakin hannu, in birki ya mutu silifas ya maye gurbinsa. Sai sabon shiga, ma'aikacin da tsadar mai ta sa ya ajiye babur ya sayi keken gwanjo mai giya, yana kutsawa tsakanin motoci kamar har yanzu akwai inji a ƙarƙashinsa. Masu hular kwano da matsattsun kaya da ke zagaya unguwar Nassarawa ranar Asabar, su motsa jiki suka fito, kuma da sassafe suke gamawa.

Ɗabi'ar da ta haɗa yawancinsu ita ce bin wanwe. Tun ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, amma mai keke zai ce gara ya ga motar da za ta buge shi. Lissafin bai goyi bayansa ba. Mota mai gudun kilomita 50 in ta taho ta bayan keke mai gudun 15, bambancin 35 ne. In gaba da gaba ne, 65. Direban da zai fito daga lungu kuma hagu yake dubawa, inda motoci ke tahowa, ba dama ba.

Laifin dai ba nasu ne su kaɗai ba. Gadojin sama da shingen tsakiyar titi don mota aka yi su. Mai motar da aka tura ya zagayo daga nesa ɗan mai zai ƙona, mai keke kuwa da buhu a baya zai taka, saboda haka sai ya yanke. Gefen titin da ya kamata ya bi, yashi ya cinye rabi, masu tebur da adaidaita sun raba sauran. Ko Ojo Maduekwe, ministan sufurin da ya yi ta kiran 'yan Najeriya su hau keke, a 2001 bas ta ture shi cikin kwalbati a Abuja yana kan hanyar zuwa aiki.