Tangaran ɗin kaka: a duba kafin a miƙa wa dillaliya

Tsofaffin Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi sukan ba da tarihin ɗakin amarya ta kayan jere: an fara da ƙore, aka koma tasoshi da kwanuka masu fenti, daga baya tangaran ya hau kanta. Jirgin ƙasa da ya iso Ƙaura a 1929 yakan kwashi gyaɗa da auduga, ya dawo da kayan kanti. Yau jikoki kan rabu da irin waɗannan farantai a kuɗin goro, don ba su san abin da ke hannunsu ba.

Asalin tangaran ƙasar Sin ne. A Ingila sai wajen 1745 aka fara yin sa a Chelsea, Worcester ta biyo baya a 1751. A ƙarshen ƙarni na 18 Josiah Spode na garin Stoke ya daidaita haɗin farar ƙasa da tokar ƙashin shanu, ya samu faranti fari tas, marar kauri, ga ƙwari.

Adonsa iri biyu ne. Shuɗin zane akan yi shi kafin a shafa ruwan gilashi a gasa, shi ya sa ba ya gogewa. Ja, kore da ruwan zinari kuwa galibi a sama ake ɗora su, a sake gasawa da sassauƙar wuta, don haka su ke fara koɗewa. In zanen hannu ne, furanni biyu ba sa zuwa daidai, kuma ana ganin sawun buroshi. In bugu ne, wanda ya yaɗu tun shekarun 1750, kowane faranti tamkar ɗan'uwansa.

Ki ɗaga shi a rana: na gaske yakan nuna inuwar yatsunki. Ki ƙwanƙwasa da farce, mai lafiya yakan yi ƙara kamar ƙararrawa. Sannan ki kifa shi ki duba tambari. Kalmar England galibi alamar bayan 1891 ce, lokacin da Amurka ta tilasta rubuta ƙasar da aka ƙera kaya.

Wajen wanki, ban da toka, yashi ko soson ƙarfe. Ruwa mai ɗumi da sabulu sun isa. Kuma tsohon fenti kan ƙunshi dalma, wadda abinci mai tsami ke iya janyowa. Zamfara ta ga ɓarnar dalma a Anka da Bukkuyum a 2010. Faranti mai tsaga ko mai koɗaɗɗen fenti, a bar shi a jere, kada a zuba wa yaro fate a ciki.