Dutse mai rowa, yashi mai kyauta: nazari kan ruwan ƙarƙashin ƙasa a Ɗan Issa

Duk wanda ya bi hanyar Maradi zuwa Jibiya da rani zai ga abu biyu a ƙasar Ɗan Issa ta Nijar. A fadamar Gulbin Maradi injinan ban ruwa na ta ruri cikin lambunan albasa, tumatir da zogale, kuma kowace shekara ƙaruwa suke. A ƙauyukan tudu kuwa mata da yara ne jere da jarkoki a bakin famfo ɗaya. Tsakanin wuraren biyu tafiyar ƙafa ce, amma abin da ke ƙarƙashinsu ba ɗaya ba ne.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa akwai kogi mai gudu a ƙarƙashin ƙasa, in ka yi zurfi dole ka tarar da shi. Akwai inda maganar take gaskiya. Inda ƙasa ke zaune kan dutsen farar ƙasa, ruwan sama kan sauko da ɗan tsamin da ya kwaso daga iska da turɓaya, ya yi ta cin dutsen shekaru dubbai, har ƙananan tsagogi su zama koguna da hanyoyin ruwa. Masana na kiran irin wannan ƙasa karst. Dutsen da ke haifar da ita ya rufe kimanin kashi 15 cikin 100 na doron ƙasa, kuma kusan mutum ɗaya cikin goma a duniya daga nan yake sha. A kusa da mu ana samun irin dutsen a Kalambaina ta Sakkwato da Malbaza ta jihar Tawa, shi ne ma ake gasawa a yi siminti. A yankin Sakkwato marmaro na ɓulɓulowa daga gindinsa. Aibinsa dai shi ne ruwa na wucewa da sauri ba tare da ya tace ba, don haka ƙazanta ba ta daɗewa ta isa rijiya.

Ɗan Issa ba ta cikin wannan sahu. Tana kan tsohon dutse mai tauri, giranit da danginsa, wanda ya haura shekara miliyan 500, irin wanda ke fitowa fili a ƙasar Katsina da Zamfara. Ruwa ba ya narkar da shi. Ana samun ruwa ne kawai a ɓangaren sama da ya ruɓe, ko a cikin tsaga. Shi ya sa za a haƙa rijiyar burtsatse biyu kusa da juna, ɗaya ta ba da ruwa, ɗaya ta ba da ƙura. Zurfi ba magani ba ne, domin in an nutsa ƙasa tsagogin rufewa suke yi. Sai an nufi arewa wajen Maradi dutsen yake nutsewa ƙarƙashin shimfiɗar dutsen yashi mai riƙe ruwa. Abin mamaki, dutsen da ke rowar ruwa shi ne ya ba da zinariyar da ta tara dubban mutane a 2021, har ramukan haƙarta suka rufta a ƙauyen Garin Liman ranar 7 ga Nuwamba, mutum 18 a ƙalla suka rasu.

Saboda haka rumbun ruwan yankin na gaskiya shi ne yashi da tsakuwar da gulbi ya shimfiɗa a kwarinsa. Ruwan na kusa, haƙa shi ba wuya, kuma kowa can ya nufa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: jama'a sun ƙaru, gonaki sun tsuke, damina ba ta da tabbas, injin ban ruwa ya yi araha. Shekara da shekaru fetur mai sauƙi ya yi ta tsallakowa daga Najeriya. Da aka cire tallafinsa a Mayun 2023, masu hali suka fara komawa ga sola, wadda ba ta tambayar kuɗin mai kafin ta ja ruwa wuni guda. Jiratawa, inda ake ban ruwa da famfunan burtsatse tun shekarun 1980, ta riga ta nuna wa maƙwabta abin da noman rani ke kawowa.

Amfanin ba abin musu ba ne. Lambu na riƙe matashin da da ya tafi cin rani, yana kuma cike giɓin hatsi. Sai dai yashin kwarin kamar randa yake, abin da aka zuba shi ake ɗiba, kuma mai zuba mata shi ne ambaliyar gulbi. Gulbin daga Najeriya yake fitowa, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya wajen 1990, yawan ruwan da ke gangarowa da lokacin zuwansa ba ruwan sama kaɗai ke yanke su ba. Nijar da Najeriya sun san da haka, shi ya sa yarjejeniyar da suka sa wa hannu a Maiduguri a Yulin 1990 kan rabon ruwa ta ambaci wannan gulbi da suna. A ganina madatsar ba ita kaɗai ce abin zargi ba. Matsalar ita ce ana ƙara masu ɗiba ba tare da lissafin abin da ke shiga ba. Idan ruwa ya ja baya, rijiyar talaka mai guga ce ke fara ƙafewa, mai dogon bututu bai ma sani ba.

Akwai kuma batun tsabta. Ruwan da ke kusa da sama yana karɓar ragowar taki, maganin ƙwari da abin da masu wankin zinariya suka zubar. Gudu zuwa zurfi ma ba tsira ba ne. Mutanen Tibirin Gobir sun sha ruwan rijiya mai zurfi da sinadarin fulorayid ya yi wa yawa, ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙasusuwa da haƙora masu tsatsa, sai wajen 2000 labarin ya fito fili. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa miligiram 1.5 ce a lita, kuma ɗanɗano ba ya nuna ta.

Ga mahukuntan Ɗan Issa da na gundumarta, Madarunfa: kada a sake biyan kuɗin haƙa a kan tudu sai an auna inda tsaga take, a gwada ruwan kowace sabuwar rijiya kafin a sha, a ware wasu rijiyoyi a fadama da za a riƙa auna zurfin ruwansu kowane wata. Da waɗannan alƙaluma ne za a iya zama da hukumomin Najeriya a yi maganar lokacin sakin ruwan Jibiya.