Ba Jikinka Ne Ya Saba da Magani Ba

Ran nan bayan magariba na tsaya a wani kemis na unguwarmu zan sayi man zafi, sai ga wani magidanci ya shigo yana jan majina. Ya miƙa kuɗi ya ce, "Malam, a haɗa mini na ɗari biyar, a sa ja-da-yalo guda biyu. Wancan na kwanaki ya daina yi mini, jikina ya saba da shi." Yaron shagon bai tambaye shi komai ba, ya ɓalle ƙwayoyi kala huɗu ya zuba masa a tafin hannu. Mutumin ya watsa su baki, ya kora da ruwan leda, ya kama gabansa. Mura ce fa kawai ke damunsa, ita kuwa mura bairos ke kawo ta, ja-da-yalon da ya haɗiya kuwa antibayotik ne, ba ya taɓa bairos ko kaɗan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan magana ta "jikina ya saba". Kowa na faɗinta, har da masu boko. Jikinka yana nan yadda yake. Ƙwayoyin cutar da ke cikinsa ne suka canza, kuma da hannunka ka taya su.

Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san yadda ake zaɓen iri. In an yi girbi, maigida kan ware zangarniyar geron da ta fi tsawo da cika ya ajiye don baɗi, shekara da shekaru har gonarsa ta koma irin wannan geron. Charles Darwin, masanin nan na Ingila, ya nuna a littafinsa na 1859 cewa wahalar rayuwa ma tana yin irin wannan zaɓe ba tare da manomi ba: wanda ya jure shi ke saura ya haihu, 'ya'yansa su gaji juriyarsa. To, a cikin miliyoyin bakteriyar da ke jikin mutum ba duka ne ƙarfinsu ɗaya ba. Ka sha kafso biyu ka tsaya, ragwayen su mutu, masu taurin kan su samu fili babu kishiya. Wata bakteriyar tana rabuwa biyu duk minti 20 in ta samu yadda take so, wato guda ɗaya tak za ta haura miliyan 16 cikin awa takwas. Ka ga ke nan ka zama manomi mai ware iri, sai dai irin cuta kake warewa, kuma ba kai kaɗai za ka ci girbin ba. Iyalinka da maƙwabtanka duk suna ciki.

Mun ga wannan da idonmu. Wanda ya kai shekara arba'in ba zai manta da kulorokwin ba, da ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa mutum. Ga araha, ga aiki. Ƙwayar maleriya mai jure masa ta ɓulla a yankin Kambodiya da Tailan a ƙarshen shekarun 1950, ta iso gabashin Afirka a 1978, ta yi ta yaɗuwa har Najeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko a 2005 aka koma haɗin magungunan da ake kira ACT. Yanzu kuma an fara ganin mai turje wa sinadarin atemisinin da ke cikin ACT ɗin a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. Shi kansa Alexander Fleming da ya gano fenisilin a 1928, tun a 1945 ya yi kashedin cewa shan abin da bai kai ƙima ba zai haifar da ƙwayoyin da maganin ba ya ci. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bakteriya masu jure magani sun kashe mutum kusan miliyan 1.27 a 2019 kaɗai, kuma in aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ne abin ya fi muni. Mu ke nan.

Na san akwai babu, na san layin asibiti na cinye wuni. Amma babu ba ta sa mutum ya sayi antibayotik don mura ba, wannan ganganci ne da ɓarnar kuɗi. Zazzaɓi ya kama ka, je ka yi gwaji tukuna, 'yan mintoci ne. In maleriya ce aka ba ka irin ACT ɗin nan na sha shida cikin kwana uku, ka cika shidan ko da ka miƙe garau a rana ta biyu. Mai tarin fuka ya cika watanninsa shida. Uwargida, ragowar sirof ɗin Yaya ba na ƙaninsa ba ne, a daina ajiye shi a kan firji ana jiran wani ya yi tari. Masu kiwon kaji da ke zuba kafso a ruwan sha kullum don kada su yi asara, ku ma wannan irin kuke warewa.

Kai kuma mai kemis, don Allah in aka ce maka a haɗa na ɗari biyar, ka tambayi abin da ke damun mutum, in mura ce ka cire ja-da-yalon nan daga ciki.