Yadda Ma'aikatan Jirgin Sama Ke Haɗa Kai

Idan jirgin sama ya gitta, yara sukan ɗaga kai suna kallo, suna tsammani mutum ɗaya ne ke tuƙa shi. To, ba haka ba ne. Babban jirgin fasinja yana da matuƙa biyu, watau kyaftin da mataimakinsa. Akwai kuma masu kula da fasinjoji. A ƙasa kuwa akwai wani ma'aikaci zaune cikin hasumiya, yana magana da matuƙan ta rediyo. Shi ke ba su iznin tashi da sauka. Aikin mutanen nan duka ba ya tafiya sai da magana.

Maganar tasu tana da ƙa'idodi uku. Ta fari, a faɗi abu a taƙaice, ba kwana-kwana. Ta biyu, wanda aka gaya wa ya maimaita abin da ya ji, don a tabbata ya ji daidai. Ta uku, in ƙarami ya ga kuskure ya faɗa, babba kuma ya saurara.

Wani mugun haɗari ne ya nuna wa duniya amfanin waɗannan ƙa'idodi. Ran 27 ga Maris, 1977, waɗansu manyan jirage biyu suna shirin tashi daga tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, ɗaya na Holan, ɗaya na Amurka. Hazo ya rufe filin, ba mai ganin wani. Kyaftin ɗin jirgin Holan ya zaci an ba shi iznin tashi, alhali kuwa ba a ba shi ba. Injiniyan jirginsa ya tambaye shi ko ɗaya jirgin ya kauce daga hanya. Kyaftin ya ce ya kauce, bai tsaya ya bincika ba. Ashe jirgin na nan a gabansu. Suka yi karo, mutum 583 suka rasu. Bayan wannan aka ƙara gyara kalmomin da ake amfani da su a rediyo, aka kuma shiga koya wa matuƙa sauraron na ƙasa da su.

An ga amfanin wannan horo ran 15 ga Janairu, 2009. Wani jirgi ya tashi daga birnin New York na Amurka da mutum 155. Sunan kyaftin ɗin Chesley Sullenberger, mataimakinsa kuwa Jeffrey Skiles, shi ke riƙe da tuƙi. Ba su daɗe da tashi ba sai suka yi karo da garken manyan tsuntsaye masu kama da dinya. Tsuntsayen suka faɗa cikin injuna, duka biyun suka lalace.

Nan da nan kyaftin ya ce, "Jirgi na hannuna." Mataimaki ya amsa, "Jirgi na hannunka." Da wannan 'yar magana kowa ya san aikinsa. Kyaftin ya kama tuƙi yana magana da ma'aikacin ƙasa. Mataimaki ya buɗe littafin umurni, yana bin matakan ta da injuna ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikacin ƙasa ya ba su filin da za su sauka, amma kyaftin ya ga ba za su kai ba, ya ce masa cikin kogin Hudson za su sauka. Da suka yi kusa da ruwa, kyaftin bai ji girman kai ba, ya tambayi mataimakinsa ko yana da wata dabara. Masu kula da fasinjoji su uku kuwa suna ta ɗaga murya tare, suna gaya wa mutane su sunkuyar da kai.

Jirgin ya sauka bisa ruwa, wajen minti uku da rabi bayan karon. Ma'aikata suka buɗe ƙofofi, suka fid da mutane. Kyaftin ya bi cikin jirgin sau biyu yana dubawa, sai da ya tabbata ba kowa sa'an nan ya fita. Jiragen fito suka zo suka kwashe su. Ko mutum ɗaya bai rasu ba.

Abin mamaki, matuƙan nan biyu kwana kaɗan ke nan da fara aiki tare. Amma horo ɗaya aka yi musu, saboda haka kowa ya san maganar da zai faɗa, da wadda zai ji. Gaskiyar masu iya magana da suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.