Biranen Majigin Yara: Ga Samfuri A Jos

Sau da yawa birnin da yara ke gani a cikin majigin zane mai motsi, watau katun, yana da inda aka kwaikwayo shi. Masu zanen sukan nemi wani gari na gaske su duba ginin mutanensa da kasuwarsu da suturarsu, sa'an nan su sake masa suna.

Alal misali, Agrabah, birnin da ke cikin majigin Aladdin wanda kamfanin Disney na Amurka ya fitar a 1992, Bagadaza aka nufa da farko. Yaƙin Tekun Fasha na 1991 ne ya sa aka canja sunan. Haka kuma kafin a fitar da The Lion King a 1994, sai da aka tura masu zane ƙasar Kenya suka ga dajin da idonsu. A 2024 kuma aka nuna Iwájú, wanda ya zana Ikko kamar yadda ake zaton za ta kasance nan gaba.

Ƙasar Hausa ma ba a bar ta a baya ba. Wani ɗan Nijeriya, Roye Okupe, ya ƙaga labarin Malika, jarumar sarauniya wadda ya ɗauko daga tarihin Amina ta Zazzau, aka mayar da shi gajeren majigi a 2019. Sunan daular tata Azzaz. In ka karanta Zazzau daga ƙarshe zuwa farko, ka cire harafin u, sunan da za ka samu ke nan.

To, mai son zana irin wannan birni ba sai ya sha wahala ba, gama Jos ta tara masa kayan aiki wuri guda. Kusa da gidan tarihi da Bernard Fagg ya kafa a 1952 akwai filin gine-ginen gargajiya, wanda wani masanin gini ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya tsara. A nan aka kwaikwayi ganuwar Kano, da masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu. Ga kuma duwatsun Shere da na Riyom, ga kududdufan da haƙar kuza ta bari. Bugu da ƙari, a Jos ne Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, take da hedkwatarta da makarantarta.

Amma fa ginin ƙasa sai da yaɓe, kuma damina a Filato ba ta da wasa. Idan aka bar waɗannan gine-gine suka zube, masu zane za su rasa abin dubawa, yaranmu kuma su tashi sun fi sanin fadar Agrabah bisa ga soron kakanninsu. Ya kamata hukumar gidajen tarihi da ta finafinai su haɗa kai, su riƙa kai ɗalibai wurin da takarda da fensir tun ginin yana tsaye.