Shekarun Takobin Kaka Nawa?

A gidajen Wudil da dama, musamman masu alaƙa da sarauta, akwai tsohon takobi da ba ya fitowa sai ranar hawan Sallah. Idan muka tambayi shekarunsa, sai a ce mana "tun kaka da kakanni". To, ta yaya za mu gane gaskiyar lamarin?

Da farko mu sani cewa takobi ɗaya yana iya ɗauke da shekaru uku. Kube aikin dukawa ne, kuma fata takan lalace a sake ta. Mariƙin ma akan canza shi. Ruwan takobin, wato ƙarfen, shi ne yakan fi daɗewa, don haka shi ake bincika.

Ba kowane ruwa aka ƙera a ƙasar Hausa ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa ana shigo da ruwan takubba masu yawa daga Solingen ta ƙasar Jamus. Fatake ne ke ratso Sahara da su, sannan a yi musu mariƙi da kube a nan gida.

Maƙeran Turai sukan buga tambari a jikin ƙarfen, kamar hoton kyarkeci yana gudu ko jinjirin wata mai fuska. Sai dai a yi hattara, domin maƙeranmu sun kwaikwayi waɗannan alamomi, ganin masu saye na son su. Shi ya sa masana ke haɗawa da duba kwarmin da ke tsakiyar ruwan, da yadda ƙarfen ke lanƙwasa ya koma daidai, da kuma tarihin da dattawan gida suka riƙe. A 1964 masani A.D.H. Bivar ya wallafa littafi kan makaman masarautun Arewa, ciki har da Gajere, shahararren takobin Katsina.

Babban haɗarin yana hannunmu mu matasa. Mai dirje tsatsa da yashi don takobi ya yi ƙyalli yana iya shafe tambarin har abada. Mai sayar wa 'yan gwangwan kuwa ya ba da tarihin gidansu a kuɗin kilo.

Saboda haka a shafa masa ɗan man keke kawai, a ɗauki hoton alamominsa da waya, a rubuta abin da kaka ya faɗa tun yana raye. Wanda ya samu shiga Kano ya leƙa Gidan Makama, ya kwatanta da makaman da aka adana a can.